Berliet ɗin Baba: ta yi dakon gyaɗar Magariya, ga ta yau a kan sikeli

Yau labarin mota na kawo muku, motar da da yawa cikin yaran yanzu ba su taɓa jin kukanta ba.

Duk wanda ya san gidanmu ya san wata tsohuwar kamiyo mai dogon hanci da ke kwance a bayan katanga tun 1994. Tayu sun ruɓe, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, awaki na fakewa a inuwarta. Mu a cikinta muka yi wasan direba da karen mota, 'ya'yanmu ma haka. Sunanta Berliet, da bakinmu Barliye. A watan jiya masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka zagaye ta, suka ƙwanƙwasa nan suka ƙwanƙwasa can, suka taya jika 450.

Maganar ta raba gidanmu biyu. Yayana ya ce a sayar, kuma yana da hujja. Baba ya yi shekara biyu da yanar ido, ko fuskar jikokinsa ba ya ganewa sai da murya, likita a Damagaram ya ce aiki za a yi. Ga rumbu ya yi ƙasa tun damina ba ta kankama ba. Ni ma a zuciyata na san gaskiya ya faɗa. Amma da muka durƙusa muka kai wa Baba maganar, sai ya juya fuska ya ce: "Ku bari in mutu tukuna."

Na ce: "Baba, ku yi haƙuri, ai ƙarfe ne kawai. Shekara nawa ba ta motsa ba."

Ya ce: "Kai ma ƙarfen ne ya kai ka lakol."

Daga ranar na riƙa zama wurinsa bayan sallar isha'i, ina tambayarsa, yana ba ni labari. Ni kuma in binciko tarihin kamfanin da faransanci in fassara masa. Abin da muka haɗa ke nan nake so in ba ku.

Wanda ya kafa kamfanin sunansa Marius Berliet, mutumin birnin Lyon a Faransa, an haife shi a 1866. Ya ƙera motarsa ta farko a 1895, kuma da ƙananan motoci ya fara. A 1905 wani kamfanin Amurka mai ƙera kan jirgin ƙasa, ALCO, ya sayi izinin yin motocinsa a can, kuɗin da ya samu su ne suka ɗaga masana'antar. Shi ya sa tambarin Berliet ya zama kan jirgin ƙasa. Muna yara muna ganin wannan tambari a goshin motar, mun ɗauka kibiya ce da ƙwallo. Da na faɗa wa Baba asalinsa sai ya yi dariya, ya ce: "To ai daidai ne. Jirgi ya tsaya Kano da Nguru, bai ƙaraso mu ba. Ita ce jirginmu."

A yaƙin duniya na farko, kamiyon Berliet samfurin CBA na cikin motocin da suka yi ta jigilar soja da kaya zuwa fagen Verdun a 1916. A 1939 kamfanin ya daina ƙananan motoci, ya tsaya kan manya. Bayan yaƙi na biyu an kama Marius, aka hukunta shi kan zargin yi wa Jamusawa aiki lokacin mamaya, ya rasu a 1949. Ɗansa Paul Berliet ne ya ja ragamar kamfanin daga baya, kuma a zamaninsa ne motocin suka cika hanyoyin Afirka.

Tamu samfurin GLR ce, mai shan gazuwal, wadda aka fara fitarwa wajen 1950, aka ci gaba da yin ta har 1977, an ƙera fiye da 100,000. A 1957 suka fito da T100, mai nauyin tan 100 in ta yi lodi, don aikin man fetur a saharar Aljeriya. A lokacin babu kamiyon da ya kai ta girma a duniya, kuma guda 4 kacal aka yi. Sai GBC 8, wadda suka yi wa laƙabi da Gazelle, wato barewa, mai ja da ƙafa shida. Ita ce ta shiga tarihin ƙasarmu: daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, guda 9 suka taso ta Janet suka ratsa Tenere har yankin tafkin Cadi, suna kafa alamomin ƙarfe don matafiya. Daga baya aka yi GBH ta aikin hanya da kwasar yashi, da manyan kawunan tirela samfurin TR.

Baba bai san waɗannan lambobi ba. Abin da ya sani shi ne kakar gyaɗa. Ya shiga mota yana karen mota a 1966, lokacin da gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, Magariya kuma na cikin manyan wuraren nomanta. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke riƙe da cinikin. Ya ce da an buɗe kasuwa za ka ga buhuna an jera kamar tsauni, masu sikeli na kiran lamba, 'yan dako na gudu, kamiyo na bin layi. A yi lodi a bi ta Tinkim a shiga Najeriya, a sauke a Kano, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku a Legas. Wata kuma a matse ta nan gida, don Magariya na da masana'antar man gyaɗa, Matamai ma haka.

Aikin karen mota ba wasa ba ne. Shi ne ɗaurin igiya, shi ne sa waigi in an tsaya a gangare, shi ne dafa abinci a gefen hanya. In mota ta kafe a yashin hanyar Dungas, shi zai shiga ƙarƙashi ya tona da hannu, ya shimfiɗa faranti, a matsa taku goma a sake tonawa. Baba ya ce akwai ranar da suka yi wuni guda da kwana a wuri ɗaya, ruwansu ya ƙare, matan wani ƙauye suka kawo musu fura a ƙwarya suka ƙi karɓar ko dala. Shekara huɗu ya yi a haka kafin maigidansa ya yarda ya nemi parmi.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, gonaki suka ƙanƙance. Motar da ta saba fita da gyaɗa ta koma shigo da hatsin taimako. Baba ya ce bai taɓa jin nauyin kaya irin na wannan lokaci ba, don ko'ina ya tsaya mutane ne ke bin motar da ƙwarya, suna tsintar abin da ya zube. Gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba. Alhajin da ke da motar ya karaya, a 1979 ya sayar wa Baba ita bashi, yana biya kaɗan-kaɗan. Da ita ya riƙa dakon wake da dabbobi zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya dawo da kayan masarufi. Da ita ya gina gidan da muke ciki, ya aurar da ƙannensa, ya sa mu lakol.

Abin da Baba bai sani ba, lokacin da yake murnar mallakar Berliet, kamfanin kansa yana gab da shuɗewa. Tun 1967 ya koma ƙarƙashin Citroën, bayan 'yan shekaru Renault ya saye shi. A 1978 aka haɗe shi da Saviem, a 1980 aka cire sunan Berliet daga goshin sababbin motoci. Abin da ya yi saura shi ne ake kira Renault Trucks a yau, kuma tun 2001 yana hannun Volvo na ƙasar Suwidin.

Mota irin wannan ba ta mutuwa rana ɗaya. Makanikai da maƙeran garin nan sun riƙe ta shekara da shekaru, a ciro wannan daga wata matacciya, a ƙera wancan a maƙera. Amma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk piyas ɗin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. A wannan shekara injin ya buga. Baba ya sa aka jawo ta bayan gida, ya ce in an samu sarari za a gyara. Sararin bai zo ba.

Daren da na karanta masa cewa kamfanin ma babu shi, ya yi shiru mai tsawo. Can ya ce: "Ashe masu ita ma sun sayar." Ban ce komai ba. Da asuba bayan an fito masallaci ya kira Yaya, ya ce a kira mutanen, amma da sharaɗi biyu: a cire masa tambarin da sitiyarin, kuma kada a yanka ta sai an tafi da shi Damagaram, ba ya son jin ƙarar.

Haka aka yi. Kwana uku suka yi suna yanka ta da wuta, suna ɗorawa a sikeli. An yi wa Baba aiki a ido ɗaya, alhamdu lillahi yana gani, ɗayan sai bayan wata biyu. Sauran kuɗin mun sayi hatsi. Da ya dawo ya zagaya bayan gida, ya tsaya yana kallon filin, ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon mai. Abin da ya ce kawai shi ne a share a kafa wa awaki rumfa, tunda an ɗauke musu inuwa. Tambarin yana rataye a ɗakinsa kusa da tasbaha.

Abin da ya dame ni shi ne, tarihin Marius Berliet na same shi a rubuce har da ranar haihuwarsa, a Faransa ma akwai gidauniya da ke adana motocinsa. Amma direbobi da karnukan mota da 'yan dakon da suka ɗauki gyaɗar Magariya a ka, ban ga inda aka rubuta su ba. Cikin abokan aikin Baba saura biyu a raye, ɗaya ma ba ya ji sosai. Don haka ina roƙon duk mai tsoho a gida wanda ya yi mota a wancan zamani, Berliet ce, Saviem ce ko Bedford ta Najeriya, ya zauna da shi ya kunna waya ya naɗi muryarsa. A tambaye shi hanyoyin da ya bi, da kuɗin buhu, da sunan maigidansa. Ni na fara, ina da awa shida na muryar Baba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.