Guzurin Tafiya Akra

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dungas ya san Najeriya a bakin ƙofarmu take. Daga ƙauyenmu mai keke yakan yi sammako ya ci kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya dawo ya yi magariba a gida. Naira ta fi sefa yawo a hannunmu, gidajen rediyon Kano da na Jigawa muke kamawa, rabin danginmu na aure suna ƙetaren iyaka. Duk da wannan kusanci da ƙasar da ake mulki da Ingilishi, da na ƙudura koyonsa bayan na ci jarrabawar bak ta gama sakandare a 2014, sai da na ratsa Binin da Togo na dangana da bakin teku a Gana. Shirin tafiyar nan ya ci mini kusan shekara, kuma har gobe ina ganin ya fi karatun kansa wuya.

Neman aiki ne ya tura ni. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a sashen yara na asibitin Magarya, kuma kowace damina, idan zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, sai ta ƙara ma'aikata. Wasu ƙungiyoyin ma suka shigo yankin. A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, ta haɗin gwiwa da 'yan Sin. Muna tsayawa gaban allunan da ake liƙa sanarwar neman ma'aikata, mu karanta har ƙasa, sau da yawa a layin ƙarshe mu tarar an ce mai jin Ingilishi shi ne a gaba. Mu kuwa shekara bakwai muka yi ana koya mana shi, daga ajin farko na kwaleji har ajin bak. Mun bi English for the Sahel shafi-shafi, mutum uku ko huɗu a kan littafi ɗaya, mun haddace jerin aikatau, mun ci jarrabawa. Amma a aji mai cike maƙil, yaushe layi zai zo kanka ka buɗe baki? Ingilishinmu yana nan jibge kamar damman gero a rumbu, ba a sussuka ba balle a kai ga tuwo.

Da na kai wa Baba maganar, bai musa ba. Ya ce in tafi Kano, akwai ɗan ƙanensa a Fagge, ga wurin kwana ga abinci. Mushen da ya koya mana Ingilishi a lise, wanda na riƙa komawa wurinsa a Magarya, shi ya fara ja. Ya zo har gida ya gaida Baba, ya ce: "Alhaji, ku yi mini haƙuri. In ya je Kano da wa zai yi Ingilishin? Mai shayi Hausa, mai mota Hausa, malamin ma in yaro ya kasa ganewa da Hausa zai fassara masa. A kai shi inda in bai faɗa da Ingilishi ba zai kwana da yunwa." Baba ya ce zai yi shawara. Ana cikin haka, ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, mutane da yawa suka rasu. Daga ranar Inna ta ce ko da wasa kada a sake ambata mata Kano. Gana ma ba ta kwanta mata ba, don lokacin cutar Ebola tana cin mutane a Gini da Laberiya da Saliyo, ita kuwa duk ƙasashen bakin teku ɗaya ta ɗauke su. Sai da ƙanenta da ke aikin jinya ya zauna ya yi mata bayani cewa cutar ba ta shiga Gana ba, sannan ta sassauta.

Wanda ya fi kowa tasiri a kaina cikin wannan shiri shi ne wani kawun Baba, tsoho tukuf, da ya yi ƙuruciyarsa a zangon Kumasi yana dakon goro. Yana can a Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya ba ni labarin yadda aka loda su a manyan motoci, yadda mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, yadda ya iso gida da tabarma da buta bayan shekarun da ya yi yana tari. Ya kama hannuna ya ce: "Ɗan nan, ƙasar mutane ba a shigarta da ƙarfin hali. Kowace takarda suka ce, ka nemo ta, ko da za ka yi shekara kana nema." Na gaya masa yanzu akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijar yana shiga Gana ba biza ya yi kwana 90. Ya ce ya ji, amma bayan kwana 90 ɗin fa? Maganarsa ce ta sa ban bi shawarar samarin da suka ce in ɗauki katin ɗan ƙasa kawai in riƙa sallamar masu tsaron iyaka a hanya ba.

Mushe ya ba ni sunayen makarantu. Ya fara da Ghana Institute of Languages, wadda aka kafa a 1961 zamanin Nkrumah, sannan ya lissafa ƙananan makarantu masu zaman kansu da ke Akra, waɗanda kusan duk ɗalibansu 'yan ƙasashe renon Faransa ne: Nijar, Mali, Kodebuwa, Gabon, Cadi. Aljihunmu ya fi dacewa da ɗaya daga cikin ƙananan. Tsarinsu shi ne karatu daga safe zuwa azahar kwana biyar a mako, na wata shida ko tara, a raba ɗalibai aji-aji gwargwadon ƙarfinsu. Ya gargaɗe ni da dillalan da ke yawo da takardun talla masu hoton dogayen benaye, suna karɓar kuɗin rajista tun daga nan gida. Wani yaro daga wajen Waca ya biya irin wannan kuɗi, ya je ya tarar makarantar ɗaki biyu ce a saman shago, kuma ba su san da zuwansa ba. Don haka muka yanke cewa ko dala ba za ta fita ba sai wani ya je ya gani da idonsa. Wani ɗan Bande da ke sayar da kayan waya a unguwar Nima ta Akra ya yi mana wannan alheri, ya je ya leƙa azuzuwan, ya kira ya ce makaranta ce ta gaske.

Neman gurbin kansa a Damagaram na yi shi, a shagon intanet. Can na buɗe imel na farko a rayuwata. Ana son a cike fom, a haɗa da hoton takardar bak da na fasfo, da 'yar wasiƙa mai bayyana dalilin son karatun. Wasiƙar nan mushe ya ƙi rubuta mini. Ya ce in rubuta da kaina, in ya so ya nuna mini inda ta karkace, don in ya rubuta za su sa ni ajin da ya fi ƙarfina. Na rubuta, ya ja jan biro, na sake, har ta tsaya da ƙafarta.

Fasfo ne ya tsayar da komai. Kamar yawancin yaran ƙauyukanmu, a gida aka haife ni, ba wanda ya je ya yi rajista. Sai da za mu yi jarrabawar ƙarshen firamare aka yi mana takardar kotu mai maye gurbin ta haihuwa, aka yi wa ajinmu duka a rana ɗaya. Wanda ya rubuta tawa ya rubuta sunan Baba da wani salo, takardun makaranta kuma suka ɗauko wani salon, bambancin harafi biyu. Shekara da shekaru ba wanda ya kula, sai da na zo haɗa takardar zama ɗan ƙasa da sauran takardun fasfo aka ce mutum biyu ne. Ko da yake tun 2011 aka ware Dungas daga Magarya ta zama gunduma, yawancin irin waɗannan hidimomi a lokacin sai an je Magarya, wasu sai Damagaram, kimanin kilomita 90 gaba. Na yi ta safa da marwa a bayan kabu-kabu cikin rairayi, yau a ce a kawo shaidu biyu, gobe a ce a sayo tambur, jibi mai sa hannu ya yi tafiya. Baba da kansa, da tsufansa, ya bar aikin gyaran gona ya zo ya tsaya gaban alƙali ya ce shi ne mahaifina. Wannan tsayuwa tasa ba ta fita raina ba. Da takardu suka daidaita na hau mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, aka ɗauki hotona da zanen yatsu. Can kuma na yi rigakafin shawara na karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ba a shiga Gana sai da shi.

Kuɗi kuwa gida duka ya tara su. Baba ya kora bajimin da yake ji da shi zuwa Maigatari, aka biya shi da naira, muka canza ta zuwa sefa, muna sane cewa a can za a sake canzawa zuwa sidi, kowane canji da abin da yake ci. Inna ta roƙi matan adashinsu suka ba ta ɗauka kafin layinta. Yayata da ke aure a Dogo-Dogo ta aiko da ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta na rani guda, ƙulle a bakin zane. Da yake a 2014 sidi ya faɗi ƙwarai, ɗan Banden nan ya ba da shawara in riƙe sefa a jikina in riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Inna ta ɗinka mini aljihu a cikin wando saboda haka.

Ana wannan fafutuka, makarantar ta ce za ta kira ni a waya don a gwada ni. A ƙauyenmu layin Najeriya ya fi kamawa, shi ma sai an hau tudun da ke bayan makabarta. Can na tsaya da rana tsaka. Wata mata ta yi magana, na gane gaisuwa, na gane ta tambayi sunana, daga nan sai maganar ta riƙa wuce ni da gudu. Kalmomin da na sani a takarda na kasa kama ko ɗaya a kunne. Ta maimaita a hankali, na amsa abin da na iya, ta ce ba komai, za a sa ni aji na biyu daga ƙasa. Na sauko daga tudun nan raina a jagule, ina tunanin bajimin Baba.

Da na gaya wa mushe, ya ce yanzu ne aka san inda ciwon yake. Shi ya yi zamani da Amurkawan Peace Corps da suka zauna a ƙauyukan Damagaram kafin a kwashe su daga Nijar a Janairun 2011, kuma ya ce a bakinsu ya koyi abin da jami'a ba ta ba shi ba. Ya ɗora ni kan shirin Muryar Amurka da ake karanta labarai a hankali da kalmomi kimanin 1,500, in saurara da dare a ƙaramar rediyo, da safe in ba shi labarin abin da na ji. Bayan la'asar mukan zauna gindin dalbejiya a ƙofar gidansa, ya hana Hausa, ya hana Faransanci. Ya kuma haɗa ni da wani Ibo mai sayar da kayan babur a kasuwar Magarya. Ina taya shi jera kaya, shi kuma yana yi mini ciniki da faɗa da barkwanci da Ingilishi. Mutumin nan bai taɓa karɓar ko sisi ba, ya ce shi ma da ya zo garin haka aka koya masa Hausa. Kafin azumi na fara jin labaran BBC na Ingilishi ina tsintar abin da ake nufi.

Na tashi bayan ƙaramar Sallah ta 2015, ana tsakiyar noma, na bar Baba da ƙannena a gona. Inna ta cika mini buhu da garin kuka da daddawa da yaji da kilishi. Liman ya yi addu'a a zaure, kawu ya sa aka kawo masa fasfon ya jujjuya shi, ya ce yanzu ya yarda in tafi. Gargaɗin mushe na ƙarshe shi ne kada in zauna Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, don Hausar da aka guje mata a Kano tana can tana jirana. In je Juma'a, in gaida mutanenmu, amma ɗakin kwana in nema cikin waɗanda ba su jin Hausa. Mota ta bi da mu Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, muka haye gadar Gaya zuwa Malanbil, muka gangara Kwatano, muka bi gaɓar teku ta Lome har iyakar Aflawo. A kowane shinge ana sauke masu ƙarancin takardu a shiga da su ɗaki, ni kuwa a duba fasfo da katin rigakafi a miƙo mini. Na yi wata tara a Akra, a shekarar da ɗaukewar lantarki ta addabi birnin, na dawo da Ingilishin da nake ci da iyalina da shi yau.

Hanyar da na bi ta ƙara tsauri a kan na bayanmu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, matafiya suka koma shiga kwalekwale, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. To, in har Ingilishi ya zama harshen aiki, ina yaron Malawa ko Guci ko Dan Ciyawo zai koye shi? Yaran da suka fi ni kai a ajinmu suna nan, abin da ya raba mu shi ne mahaifinsu ba shi da bajimin sayarwa, kuma ba su gamu da malamin da zai taka har zaurensu ba. Ina roƙon hukumomin Magarya da Dungas, da 'yan kasuwarmu, da mu da muka je muka dawo, mu haɗa hannu a buɗe ɗaki ko guda ne a Magarya, da rediyo da littattafai da malami mai albashi, inda yaro zai yi wata shida yana magana kafin a ce ya ƙetare iyaka. Ku kuma iyaye, ranar da aka yi muku haihuwa ku je ku yi wa jaririn rajista, ku tsaya a karanta muku sunan da aka rubuta kafin ku bar wurin.