Bayan Legon, sai ina?

Iyaye a Nima da Maamobi sun san likita, sun san lauya. Amma duk ranar da muka taɓo karatun lissafi da fiziks a shirina na rediyo, tambayar masu bugo waya ɗaya ce: in yaro ya gama, aikin me zai yi?

Aiki akwai, kuma ba nisa. Hukumar makamashin nukiliya tana nan Kwabenya. A asibitin Korle Bu, masana fiziks ne ke auna hasken da ake ƙona ciwon daji da shi. Kamfanonin inshora ma na neman gwanin lissafi.

Sai dai yawancin ƙofofin nan digiri ɗaya ba ya buɗe su. Shekara huɗu a Legon, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan a ce ya ƙaro karatu. Uwar da ta ɗauki nauyinsa da cinikin koko da ƙosai ta gaji da jira, kuma wallahi ban ga laifinta ba, ga ƙannensa a baya. Sai yaro ya kama koyarwa a makarantar kuɗi, a kan albashin da kuɗin trotro ke lashewa.