Takalmin Gudu Ga Mai Ciwon Gwiwa

Mu da muka haura shekara hamsin a zangunan Gana, da yawanmu mun buga ƙwallo mun yi tsere a ƙuruciya, yau kuma amosanin gaɓɓai ya sauka mana a gwiwa. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ke zaizayewa, kuma likitoci sun nuna cewa yawan zama ƙara sandarar da gaɓa yake yi. Shi ya sa wasunmu suka ƙudurta komawa sassarfa bayan asuba, domin kada mu kai ga yin salla a kan kujera alhali da sauran ƙarfinmu.

A kowane taku, ƙafar mai gudu tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Soson da ke tafin takalmi shi ke sassauta dukan kwalta, sai dai wanda ya cika laushi yakan sa ƙafa tangaɗi, gwiwa ta sha murɗa. Muna neman soso mai kauri wanda ke dawowa idan an danna shi, da tafi mai faɗi, da bayan takalmi mai riƙe dunduniya.

Mafi yawanmu gwanjo muke saye a Kantamanto ko Kejetia, kuma a nan ake ruɗuwa. Soson takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, saman kuwa yana nan tas. Ɗan kasuwa zai wanke shi ya yi ƙyalli, amma wanki ba ya tayar da mataccen soso. A duba gefen tafin: idan ya yi tamoji, ko takalmin ya karkata da aka ajiye shi a kan tebur, mai shi na farko ya riga ya cinye amfaninsa. Araha ba ta ado.

A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita, a bar faɗin babban yatsa a gaba. Sannan, 'yan'uwa, bayan shawarar likita, mu fara a filin ƙasa, gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu. Idan gwiwa ta wayi gari da kumburi, a rage, a huta kwana biyu kafin a sake fita.