Wankin Haƙori Ba Ya Kayar da Haƙori



Cikin takardun neman taimako da ke zuwa hannuna a matsayina na sakatare, akwai wata buƙata da take yawan dawowa: kuɗin cire haƙori, bayan wasu watanni kuma kuɗin sa na roba. Masu rubutowar ba tsofaffi ba ne. Direbobi ne, da 'yan kasuwar Mile 12, da masu canji, magidanta sa'o'ina. Idan ka bincika, da yawansu haƙorin bai ruɓe ba, girgiɗi kawai ya yi har tauna ta gagara. Wannan aikin ciwon dasashi ne, kuma yana da magani tun kafin a kai ga cirewa, ba tare da tiyata ba. An yi mini wannan maganin bara, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Abin da ya kai ni asibiti jini ne a kan aswaki, safiya bayan safiya, babu zafi ko kaɗan. Likita ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zanen awo, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lambobi ana rubutawa. Ta ce a baki mai lafiya zurfin wurin ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Nawa a turamen baya ya kai 5.

Ga yadda ta yi mini bayani. Kullum wata dauɗa mai yauƙi tana taruwa a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Idan ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki sai ta fara daskarewa ta zama kanta, kamar wadda ke kama cikin tsohuwar butar shayi. Da zarar ta yi tauri, buroshi da aswaki ba sa iya ɓamɓare ta. Dasashi sai ya kumbura, ya riƙa jini, ya saki haƙorin, rami ya buɗe a tsakaninsu. Kantar ta bi ramin ta gangara kan saiwa, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya riƙa zaizayewa a hankali. Duk wannan yakan faru shekara da shekaru babu ciwo. Ranar da aka ji girgiɗi, ɓarna ta riga ta yi nisa. Kuma ba mu kaɗai abin ya dama ba: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum fiye da biliyan ɗaya ne ke fama da mai tsananinsa.

Maganin shi ne wanki mai zurfi, wanda ya bambanta da wankin da ake yi don cire jan goro. An yi mini allurar kashe zafi a dasashi. Aka sa wata na'ura mai tsiririn baki da ke karkarwa tana fesa ruwa, ta farfasa kantar sama da ƙasan dasashi. Daga nan likita ta bi saiwar da ƙananan ƙarafa na hannu, tana kankarewa har ta yi santsi, don dasashi ya samu tsaftataccen wurin da zai sake kamawa. Zuwa biyu na yi, gefen dama mako guda, gefen hagu mako na gaba. Ba yanka, ba ɗinki. Ranar ma na koma bakin aikina.

Yanzu bari in taɓo maganar da ke hana mutanenmu zuwa. A majalisa za ka ji ana cewa wankin haƙori yana buɗe giɓi, yana sa haƙora su yi kwance. Na san inda maganar ta samo asali, domin ni ma bayan wankin na ji iska na ratsa tsakanin haƙorana na ƙasa, ruwan sanyi kuma ya riƙa yi mini zugi na wasu makonni. Amma giɓin dama yana nan, kanta da kumburi ne suka toshe shi. Wanda ya ji haƙorinsa na motsi bayan wanki, ƙashin ya daɗe da cinyewa, kantar ce ta manne haƙoran wuri guda tana ci gaba da cin su ta ƙasa. Ni dai da na koma bayan mako shida aka sake awo, jinin ya tsaya, ramukan sun ragu, warin bakin da nakan tashi da shi ya tafi.

Gaskiya guda kuma da ya kamata a sani: ƙashin da ya tafi yawanci ba ya dawowa. Wankin yana tsayar da ɓarna ne inda ta kai. Idan rami ya yi zurfi sosai bai amsa ba, ana iya kaiwa ga tiyata. Shi ya sa sammako ke da amfani. Bayan wankin ma da sauran aiki a gida: buroshi mai laushi da makilin safe da dare, da zaren sakace don tsakanin haƙora, da komawa duk lokacin da likita ya yanka, ni bayan wata uku uku aka ce mini. Aswaki yana da amfaninsa, ban bar shi ba, sai dai ba ya kaiwa ƙasan rami. Kanumfari da Flagyl ɗin kemis suna kwantar da ciwo na kwana biyu, kantar kuwa tana nan daram.

Masu ciwon suga su fi kowa hanzari, domin cutukan biyu suna ƙara wa juna ƙarfi. Masu shan sigari su lura, taba tana rage jinin dasashi, sai mutum ya ɗauka lafiya yake. Iyayenmu mata masu juna biyu su ma dasashinsu ya fi saurin kumbura. Idan kun je, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku faɗa wa likita duk maganin da kuke sha, musamman na tsinka jini, da ciwon zuciya idan akwai.

Wurin zuwa bai yi mana nisa ba. Asibitin koyarwa na LUTH yana nan Idi-Araba, unguwar da 'yan uwanmu suka cika, na LASUTH kuma yana Ikeja, dukansu da sashen haƙori. Ku tambayi kuɗin kafin a fara, ku kuma nemi a auna muku dasashi a gaya muku lambobin.

Asusun ƙungiya zai ci gaba da taimaka wa wanda ya shiga matsala gwargwadon hali. Amma na fi son in karɓi takardar neman kuɗin wanki da in karɓi ta haƙorin roba. Duk wanda ya ga jini a kan aswakinsa mako guda a jere, ya daure ya je a duba shi. Allah Ya ƙara mana lafiya.