Mdou Moctar: Daga Sakkwato Zuwa Kunnen Turawa

Da za a sa wa mai sauraro a Kakuri ko Barnawa faifan Anar ba tare da an faɗi mai shi ba, zai ɗauka waƙar fim ɗin Kano ce, sai dai harshen ya ɓace masa. Ba zai yi nisa da gaskiya ba, domin a Sakkwato Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, ya naɗe shi a 2008. Baitocin na Buzanci ne, rigar kuwa ta Hausa: na'ura ta tace muryar, ita ce kuma ke buga ganga. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yaɗu.

Afrique Victime (2021) da Funeral for Justice (2024), waɗanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar, wata duniya ce dabam. Jita na tsawa kamar aradu, makaɗi ne ke dukan ganga, jigon kuma ya karkata ga ɓarnar Faransa da kukan kada Buzanci ya mutu. Gwaninta ta ƙaru, babu gardama. Amma ɗanɗanon Hausa da ya fara ɗaukaka shi ya gushe sarai, kuma a Kaduna faifan Sakkwato ne ya fi kusa da kunne.