Daga Bagudo Zuwa Lolo: Ranar Da Kyamarata Ta Kama Ciyawa Ta Saki Gauraka

Mai karatu, idan Allah ya nufe ka da zuwa Bagudo ɗauke da kyamara, ina roƙonka ka saita ta tun kana gida. Ni ban yi haka ba, kuma har gobe ina jin zafin abin.

Da sanyin safiya ne, a tsakiyar hunturu, muna cikin kwalekwale a gefen kogin Kwara, kusa da Lolo. Dattijon da ke tuƙa ni ya tsai da sanda, ya nuna wani tsibirin yashi da haɓarsa. Gauraki biyu ne tsaye a bakin ruwa, da tukkunsu mai ruwan zinariya da farin kuncin nan mai ratsin ja. Mahaifina yakan ce da suna yara garke-garke suke ganin gauraka a fadama. Ni sai a ranar na fara ganinta da rai, 'yata kuwa a littafi kawai ta san ta, domin ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya. Na ɗaga kyamara na yi ta dannawa har suka tashi suka nufi ɓangaren Benin. Dattijon ya ce, "Ɗana, ka samu?" Na ce, "Na samu, Baba." Da na duba allon kyamara sai na ga ciyawar da ke gabanmu ta fito tar, har ana iya ƙirga ganyenta, gaurakin kuma sun zama wani dishi-dishi a bayanta. Hotuna sun fi ashirin, babu na nunawa ko ɗaya.

Laifin ba na kyamara ba ne. Na bar ta ne a kan saitin da nake ɗaukar hoton biki da suna, inda take zaɓar abin da ya fi kusa da ita. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka bari in zagaya da kai wurin tukuna, sannan in gaya maka abin da na koya.

Bagudo ƙaramar hukuma ce a jihar Kebbi, a ƙarƙashin masarautar Gwandu. Daga Birnin Kebbi na bi ta Jega da Koko, sannan na karkata yamma. Idan ka haye kogi ta gadar Tuga, ka shiga ƙasar Ka'oje da Illo, daga can kuma sai Lolo da Tsamiya, garuruwan bakin iyaka. Wanda ya wuce Tsamiya ya kama hanyar Segbana a Jamhuriyar Benin. A nan kusa da Lolo ne Kwara ke shigowa Nijeriya, bayan ta taso daga tsaunukan Gini ta ratsa Mali da Nijar, ta raba Gaya da Malanbil. Iyakar kanta Turawa ne suka shata ta: yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ta bar Illo a hannun Ingilishi. A kasuwa za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci, ka ga naira da sefa suna zagawa hannu da hannu, ka ga buhunan shinkafar fadama da busasshen kifi.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne kogin nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai cikar damina, akwai kuma ruwan da ke tasowa daga Mali, wanda ba ya isowa sai cikin hunturu. Wannan lokaci ya yi daidai da zuwan tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai. Sai ka tarar da su sun haɗu da 'yan gida: zalɓe, balbela, dinya, kirinjijiya, da shirwa tana shawagi a bisa masunta. Idan kuma ka bi kogin sama, akwai gandun dajin W, wanda Benin da Nijar da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa. An kafa shi a 1954, sunansa kuma ya samo asali ne daga lanƙwasar da kogin ya yi mai kama da wannan harafi. Dabba ba ta san fasfo ba. A 2018 giwaye sun ɓullo a yankin Koko/Besse, maƙwabciyar Bagudo, suka shiga gonaki, gwamnatin Atiku Bagudu ta roƙi jama'a kada su taɓa su.

To, yanzu ɗauko kyamararka mu duba ta tare. Abin da masu hoto ke kira fokas shi ne wurin da kyamara ta kafa ido, wanda zai fito fes a hoto. Kyamarorin zamani suna yin wannan da kansu, amma sai ka faɗa musu abu uku: yaushe za su nema, a ina za su nema, kuma me za su nema.

Na farko, yaushe. Akwai saitin da kyamara ke kama abu sau ɗaya ta tsaya, akwai wanda take ci gaba da bin abu muddin yatsanka na kan maɓalli. A Nikon da Sony na farkon sunansa AF-S, na biyun AF-C. A Canon kuwa One Shot da AI Servo, ko Servo kawai a sababbi. Don dabba, zaɓi mai bi. Ko da zalɓe ya tsaya cak kamar an dasa shi, kai ba a tsaye kake ba: kwalekwale na tafiya da kai a hankali, tazarar da ke tsakaninku na canzawa kowace daƙiƙa.

Na biyu, a ina. Nan ne na faɗi. Idan ka bar wa kyamara dukkan fili, sau da yawa abin da ya fi kusa take cafkewa, bakin Kwara kuwa cike yake da ciyawa da kara da ragar masunta. Idan tsuntsu na cikin ciyawa, rage wurin neman ya zama ɗigo ɗaya, ka ɗora ɗigon a kan idonsa. In ido ya fito, an gafarta wa sauran jiki. In ido ya dushe, hoton ya mutu ko da gashin fiffike ya yi kyau. Idan kuma tsuntsu ya tashi sama, babu komai a bayansa sai sarari, faɗaɗa wurin neman ya zama akwati, domin hannunka ba zai iya riƙe ɗigo ɗaya a kan dinya mai gudu ba.

Na uku, me. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, irin su Canon R7 da Nikon Z8 da Sony a6700, suna iya gane idon tsuntsu ko na dabba su bi shi. Shiga cikin jerin saiti ka sauya daga mutum zuwa dabba ko tsuntsu. In ka bar shi a kan mutum, masunci na giftawa kyamara za ta koma kansa. Sai dai kada ka sakankance. Idan tsuntsu ya yi nisa ko ganye ya rufe rabin fuskarsa, wannan dabara takan rikice, sai ka koma wa ɗigonka ɗaya.

Akwai wata dabara da na so a ce na sani tun kafin ranar gauraki. A bayan yawancin manyan kyamarori akwai maɓalli mai rubutun AF-ON. Ka mayar da aikin neman fokas kansa, ka cire shi daga maɓallin ɗauka. Babban yatsa na nema, manuniya na ɗauka. Idan ka kama tsuntsu a tsakanin kara, sai ka saki babban yatsa, fokas ya tsaya a nan, iska ta yi ta kaɗa ciyawa a gabanka kyamara ba za ta waiwaye ta ba. In ya motsa, ka sake dannawa. Kwana biyu na farko za ka riƙa mantawa, don haka ka fara gwaji da kaji da tantabarun gidanku kafin ka taho.

Duba kuma saitin da ke faɗa wa kyamara yadda za ta yi idan wani abu ya gifta tsakaninta da abin da take bi. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi, amma ma'anar ɗaya ce: ta yi saurin sauya wuri, ko ta daure. A bakin kogi, karkata shi zuwa dauriya. Sannan ka dubi gefen dogon gilashinka, akwai ɗan makunni mai taƙaita nisan da zai nema. In tsuntsayen na nesa, hana shi neman abin da ke kusa, zai fi saurin kamawa.

Fokas mai kyau ba ya ceton hoto idan ƙiftawar kyamara ta yi nawa. Ga tsuntsu mai tashi nakan sa 1/2000, ga wanda ke tsaye ina cikin kwalekwale ba na sauka ƙasa da 1/1000. Ƙofar haske nakan bar ta tsakanin f/6.3 da f/8, in bar ISO ya daidaita kansa. Sa kyamara a kan ɗauka a jere, amma ka riƙa yi guntu-guntu, kada katinka ya cika kafin hantsi.

Yanayin wurin ma yana da nasa hukunci. Kyamara na gane abu ne ta bambancin haske da duhu, hazon hunturu kuwa yana shafe wannan bambanci. Za ka ji gilashi na kai da komo ya kasa tsayawa. In haka ta faru, nemi inda fari ya haɗu da baƙi a jikin tsuntsun, ko ka kama bakin yashin da yake tsaye a kai. Da rana ta take, zafin da ke tashi daga yashi yana sa iska rawa, babu saitin da ke maganin wannan. Fita bayan sallar asuba, ka dawo da hantsi, ka sake fita bayan la'asar. Kada ka cire gilashi a fili, ƙura za ta shige ciki. Idan waya ce kawai a hannunka, ɗora yatsa a kan tsuntsun a allo ka daɗe kaɗan, wayoyi da yawa sukan kulle fokas a nan. Ka haƙura da zuƙowa da yawa, ka jira shi ya matso.

Saura abin da ya fi hoto muhimmanci. Wannan bakin iyaka ne, kuma shekarun nan ba su da sauƙi. A watan Fabrairun 2022 an kai hari a ɓangaren Benin na gandun W, aka rasa rayukan masu gadin daji, kuma ka san labaran 'yan bindiga a sassan Kebbi. Kada ka kama hanya sai ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon. Idan ka isa, fara gaida mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, a haɗa ka da wanda aka sani. Kada ka nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko na kwastan, domin dogon gilashi daga nesa yana kama da abin da ba shi ba. A kan ruwa iyaka ba ta da alama, mai kwalekwale ne ya san inda Nijeriya ta ƙare, ka bi maganarsa. Sa rigar ruwa ko da za a yi maka dariya. Mutanen Kebbi ba su manta da hatsarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 ba. In masunta sun ce akwai dorina a wuri kaza, ba a matsa mata don hoto. Mata masu wanki da yara masu wanka kuwa, ba a ɗaukarsu sai da izini.

Na ƙara kwana biyu a Lolo ina komawa tsibirin nan, gaurakin ba su dawo ba. A safiyar ƙarshe, da sabon saiti, na sami zalɓe ya cafko kifi, idonsa tar, ɗigon ruwa na zuba daga bakinsa. Na nuna wa dattijon, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan kam shi ne." Hoton yana rataye a falonmu. Duk da haka, da na dawo gida 'yata ta tambaye ni ina gaurakar da na yi mata alkawari, sai dishi-dishin nan na nuna mata a bayan ciyawa.

In kai mutumin Illo ne, ko Ka'oje, ko Tsamiya, ko wani gari na bakin Kwara, ka gaya mana a ƙasa: yaushe rabonka da ganin gauraka, kuma a ina? Ina da niyyar komawa hunturu mai zuwa, in Allah ya kai mu.