Mangalar Turai

Mai jaki ya san sirrin mangala. In gefe guda ya rinjayi ɗaya, kaya sai ƙasa. Zaman manyan ƙasashen duniya ma haka ya ke.

Akwai masana da ke cewa a dubi duniya yadda ta ke, a bar yadda a ke fata ta zama. Ɗaya daga cikinsu shi ne Hans Morgenthau, wanda ya wallafa babban littafinsa a Amurka cikin 1948. A ganinsu ƙasashe ba su da wani sarki bisa kansu da za su kai wa ƙara. Saboda haka kowace tana dogara ga ƙarfinta, in kuwa wata ta yi ƙiba har ta zama abin tsoro, sai sauran su haɗa kai su tare ta.

Labarin Napoleon na Faransa ya isa misali. Ya murƙushe sarakunan Turai ɗaya bayan ɗaya, har ya kai yaƙi Rasha cikin 1812. Ingila da Rasha da Austiriya da Purushiya suka gama kai, aka karya shi, aka ƙarasa shi a Waterloo cikin 1815. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

To, da aka taru a birnin Viyana, tun daga 1814, don shirya zaman Turai, ba a yayyaga Faransa ba. Ba tausayi ne ya hana ba. Ingila da Austiriya sun lura in Faransa ta rushe, ba mai tare Rasha. Har ma a watan Janairu na 1815 suka ƙulla alkawari a asirce da Faransa, abokiyar gabarsu ta jiya, don su taka wa Rasha da Purushiya birki. An yi yaƙe-yaƙe bayan wannan, amma ba a sake yin wanda ya game Turai duka ba sai 1914.

Sai dai akwai wanda ya ɗauki nauyin kayan. Mutanen Folan an bar ƙasarsu a rabe hannun Rasha da Purushiya da Austiriya, ba wanda ya nemi yardarsu, ba su kuwa sami kansu ba sai 1918. Lafiyar da manya suka zauna kusan ƙarni guda, su suka biya kuɗinta.

Wanda ya koyi karatu har yana duba jarida, in ya ga manyan ƙasashe sun ƙulla abuta, ya kamata ya tambayi kansa abu biyu: wa a ke tsoro, kuma wa za a ɗora wa kayan?